Inda Aka Kwana: Littafin Aikin Gidajen Riƙo

12 ga Janairu, 2025

Yau bayan la'asar muka zauna a zauren Hajiya, muka ce maganar nan ta nema wa yaran da ake korowa daga arewa gidajen riƙo ta isa haka a baki, a sa ta a takarda. Ni aka ɗora wa alƙalami saboda na yi koyarwa a lakol kafin in ajiye aiki. Ba mu da yawa. Akwai Hajiya, tsohuwar ungozoma da rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya. Akwai limaminmu. Akwai wani matashi da ya gama karatun shari'a a Yamai, muna ce masa Lauya ko da yake bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Sai ɗan kamashon tasha, wanda babu motar da za ta shigo daga arewa cikin dare bai san da zuwanta ba.

A farkon watan nan aka sauke 'yan Nijar sama da 600 a Dirku, can arewacin ƙasar, waɗanda Libiya ta koro cikin manyan motoci. Na Aljeriya kuwa an daina ma mamakinsa: ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum sama da 30,000 da aka turo iyakar Asamaka a 2024 kaɗai. Korar iri biyu ce. 'Yan Nijar ana kawo su cikin ayarin motoci har Asamaka, bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014, kuma a wannan ayarin ake yawan ganin mata da ƙananan yara. 'Yan sauran ƙasashe zubar da su ake yi a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga gari.

Hana kora ya fi ƙarfinmu. Abin da muka ɗauka ƙarami ne, wato daren farko. Yaro ya sauko daga mota ƙarfe ɗaya na dare, ba uwa ba uba, ko kuma yana hannun wata mata da ba ta san sunan kakansa ba. Ɗan sandan da ke bakin aiki a daren nan yaya zai yi da shi? Ofisoshi a rufe, ma'aikacin kula da yara ya yi barci. Sai ya sa shi a ɗaki, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, da kyakkyawar niyya, don kada ya ɓace. Ɗan kamasho ya ce ya sha ganin haka a garuruwan kan hanya. Yaron da ya fito daga kulle a ƙasar mutane, sai ya kwana a kulle a tasa.

Muna neman gidajen da za su karɓi yaro a kowane lokaci na dare, da waya guda da ba a kashe ta, da takardar hukuma da za ta sa ɗan sanda ya miƙa mana yaro ba tare da ya ji tsoron abin da shugabansa zai ce da safe ba.

26 ga Janairu

Lauya ya zo da takardunsa. Liman ne ya fara jefa masa tambaya: "To Lauya, wanda ya shiga ƙasar mutane ba takarda, ai ya yi laifi ko?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda aka goyo a baya ko aka ja wa hannu, ina laifinsa?" Sannan ya shiga bayani, ga abin da na kama.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar da Aljeriya da Libiya duk suka amince da ita (Amurka ce kaɗai ta rage a duniya), ta ce a sashe na 37 kada a tsare yaro sai in babu wata hanya, kuma na ɗan lokaci mafi ƙanƙanta. Shekara da shekaru gwamnatoci suna fakewa da wannan "sai in babu wata hanya", don wanda bai nemi hanya ba kullum zai ce babu. A watan Nuwamba na 2017, a Majalisar, kwamitin haƙƙin yara da kwamitin ma'aikata baƙin haure suka fitar da bayani na haɗin gwiwa, suka toshe kafar: wancan sassauci na yaron da ake tuhuma da aikata laifi ne. Tsare yaro saboda takardunsa ko na iyayensa kuwa take haƙƙi ne, ba ya taɓa zama maslahar yaron, kuma rashin son raba shi da iyaye ba hujjar kulle shi ba ce, iyayen ne ya kamata a nema wa mafita a waje. A Disamban 2018 a Marakesh ƙasashe suka yi alkawarin za su yi aiki don kawo ƙarshen abin. Shekara guda bayan haka binciken da Manfred Nowak ya jagoranta wa Majalisar ya ce aƙalla yara 330,000 ake tsarewa kowace shekara saboda ƙaura.

Hajiya ta saurara har ya gama, ta ce, "Ɗana, duk wannan takarda na ji. Wace ce a cikinsu take da tabarma?" Aka yi dariya, amma Lauya bai ji daɗi ba. Ni dai ina ganin kowannensu yana da rabin gaskiya. Ba don takardar ba, in muka je ofis roƙo za mu yi. Da ita kuwa tunatarwa za mu yi, kuma mai tunatarwa ba ya durƙusawa.

9 ga Fabrairu

Mun fara zagayen gidaje tare da mai unguwa. Karɓa ba ta yi wuya ba, kusan duk inda muka yi sallama sai a ce ai ɗa na kowa ne. Wahalar tana wajen zaɓe. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma kowa ya san irin riƙon da yarinya ke shiga gida a matsayin 'ya, kafin wata ya zagayo ta zama mai wanke-wanke da ɗaukar talla. Wata mata ta fito fili ta ce in da hali a ba ta mace mai ɗan wayo. Mun yi mata godiya, ba mu rubuta sunanta ba.

Sharuɗɗan da muka tsayar: ba talla, ba bara, ba aike bayan magariba. 'Yan'uwa ba a raba su gida biyu. Yarinya tana kwana ɗakin uwar gida. Hajiya tana da ikon shiga kowane gida ba sanarwa. Kuma zama na kwanaki ne, kafin a gano dangi ko alƙalin yara ya ce ga inda za a kai shi.

An yi doguwar gardama kan kuɗi. Liman ya ce in aka sa kuɗi an kashe ladan, kuma masu neman kuɗin ne za su cika layi. Ɗan kamasho ya ce, "Malam, gidan da ke auna tiya ɗaya a rana, ka ƙara masa baki biyu ka ce ya ci lada?" An tsaya a kan hatsi da sabulu da kuɗin magani, ba kuɗi a hannu. Daga ina za su fito? Daga aljihunmu da masallaci, don tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a ƙarshen Janairu, duk ƙungiyar agaji da ka tunkara kukan nata take maka.

20 ga Fabrairu

Mun kai wasiƙa wani ofis. An ce mai sa hannu ya tafi taro. An ce kuma wasiƙar ba nan ya kamata ta fara ba, can ne. Can ɗin suka ce sai nan sun sa hatimi. Lauya ya kwafe ta gida uku ya bar wa kowa tasa. Waya dai mun saya, tana hannun ɗan kamasho da dare, tana hannuna da rana.

16 ga Maris

Azumi ya rage zirga-zirga, sai na samu lokacin karanta abin da Lauya ya tara kan ƙasashen da suka daina, ko suka ce sun daina. Labarin Girka ne ya fi tsaya mini a rai, don matsalarsu irin tamu ce sak.

Shekaru da dama, yaron da ya shigo Girka shi kaɗai, in babu gurbi a gidajen yara, a ɗakin tsare mutane na 'yan sanda ake ajiye shi, wai don a kare shi. Wasu makonni, wasu watanni, wani lokaci tare da manyan da ba su sani ba. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta kama Girka da laifi kan haka har sau biyu a 2019. A ƙarshen Maris na 2020, ana tsakiyar korona, yara 331 ne a hannun 'yan sanda. A Disamban 2020 majalisar Girka ta soke tsarin da doka. To amma abin da ya sa sokewar ta yi aiki shi ne abin da ya biyo baya: a Afrilun 2021 aka buɗe layin waya da ke aiki dare da rana, da gadajen gaggawa, yadda ɗan sanda in ya tsinci yaro yana da lambar da zai kira da wurin da zai kai shi. Da doka kaɗai aka yi, da yaran sun tashi daga ɗakin 'yan sanda sun koma kwana a titi. Na karanta wa Hajiya wannan, ta ce to ashe Turawan ma sai da suka nemo tabarmar.

Faransa kuwa darasi ne na wani fannin. Kotun Turai ta sha kama ta tun daga 2012, har da shari'ar wata 'yar Mali da aka tsare kwana 11 da jaririyarta mai wata 4. Sai a dokar 26 ga Janairun 2024 aka hana sa yara a cibiyoyin tsare baƙi. Amma an cire Mayot, tsibirin Faransa da ke tekun Indiya, daga hanin har zuwa 1 ga Janairun 2027, alhali a Mayot ɗin ne ake tsare yara dubbai kowace shekara, fiye da duk sauran Faransa nesa ba kusa ba. Kuma ɗakunan jira na filayen jirgi ba su shiga ciki ba. An share tsakar gida ke nan, an tura sharar bayan ƙyaure.

Beljiyam ma sai da aka kai ta kotu a kan wata yarinya 'yar Kwango mai shekara 5, da aka tsare wata biyu cikin manya a 2002, sannan aka sa ta jirgi ita kaɗai zuwa Kinshasa alhali uwarta tana Kanada. Hukuncin ya fito a 2006. Ina rubuta waɗannan ne don in wani jami'i ya ce mana "ai haka ake yi ko'ina", mu san me za mu ce masa, cikin ladabi.

6 ga Afrilu

Bayan sallah mun je ƙauyukan Kance, a jihar Damagaram, ni da Hajiya, don mafi yawan yaran da za su biyo ta hannunmu daga can suke. Duk wanda ya san yankin ya san Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, galibinsu mutanen nan. An yi zaman makoki na ƙasa kwana uku. Tafiyar ba ta tsaya ba.

Mun zauna da mata a gidan mai gari. Ba mu je wa'azi ba, kuma da mun yi ma ba za a ji ba. Ƙasar nan cike take da mutane, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki sun yayyanka ta, abin da aka girbe ba ya kai gida rani. Wata dattijuwa ta ce mini, "Malam, kai albashi ya tsufar da kai. Mu rumbu ne ke gaya mana ranar tafiya." Ban da amsa. Abin da ya fi damuna shi ne aron yara: mace ta tafi da ɗan maƙwabciya ko ɗan ƙanwa, da sharaɗin za a raba abin da aka samo. In aka yi kame a titi, wadda ta tafi da shi tana wata unguwa, shi yana wata, shi ke nan an rabu. Yaron da ke saukowa shi kaɗai a tasha, sau da yawa haka aka yi.

Abin da muka roƙa kaɗan ne. Kowane yaro a koya masa sunan ƙauyensu, da na ubansa, da na mai gari, har ya iya faɗa ko daga barci aka tashe shi. Sai takardar haihuwa. Wanda aka bari lokacin rajista ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali, kuma mutanen ƙauye ba sa zuwa kotu don raɗin kansu. Masu gari uku sun yarda su ba mu lambobinsu mu riƙa kira in an samu yaro mai ambaton ƙauyensu.

Wasiƙarmu ta samu hatimi ɗaya. Saura ɗaya.

27 ga Afrilu

Watan nan kora ta yi tsanani, mutane dubbai aka turo Asamaka cikin 'yan makonni, ga zafin bazara. Takardarmu ta fito ranar da muka fi bukatarta. Ba wata babbar aba ba ce: ta ce ana iya damƙa mana yaro na wucin gadi, a rubuta sunan wanda ya karɓa, a sanar da ma'aikacin kula da yara kafin azahar ta gobe.

Daren Alhamis waya ta yi ƙara. Wa da ƙanwa ne, shi bai wuce shekara goma ba, ita ƙarama ce sosai. Jami'in da ya kira ya karanta takardar sau biyu, ya dubi Hajiya, ya ce, "Inna, in suka ɓace ni za a tambaya." Ta ce, "Ɗana, ni ma akwai mai tambayata, kuma ya fi naka shugaban." Ya sa hannu.

Yaron bai yi magana ba sai rana ta biyu. A bakin wata kasuwa aka kama su, aka kai su wani babban ɗaki cike da manya, daga nan mota, daga nan wani ɗakin, bai san kwana nawa ba. Abin da ya faɗa bai saɓa da abin da Amnesty ta rubuta a 2018 ba, ko abin da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan baƙin haure, Felipe González Morales, ya faɗa bayan ya ziyarci Nijar a Oktoban 2018, inda ya nemi Aljeriya ta daina korar jama'a a dunƙule. Kame a dunƙule ba ya tambayar shekaru, ba ya tambayar ina uwarka.

Uwar gidan da suka sauka ta gaya wa Hajiya cewa yarinyar ba ta yarda a rufe ƙofar ɗaki, ko da labule ne sai ta yi kuka. An bar ƙofar a buɗe. Yaron ya san sunan mai garinsu, kawunsu ya zo ranar Lahadi da shaidar mai gari, aka yi komai gaban ma'aikacin kula da yara.

18 ga Mayu

Ba arewa kaɗai ba ce. Shekaranjiya hukumar shige da fice ta Gana ta yi samame a Ankara, ta kwashe mabarata sama da 2,000, fiye da rabinsu yara, akasarinsu 'yan Nijar. A 2022 ma an kwaso ɗaruruwa daga Dakar da jirgi. Ba na kare bara da yara, na ga abin da take yi musu. Amma ina so a riƙa tambaya duk lokacin da aka yi irin wannan shara: tsakanin ranar kame da ranar mota, ina yaran suka kwana, da su wa, wa ya rubuta sunayensu? Hotunan da ake yaɗawa na ranar kame ne da ranar tafiya. Tsakiyar ba a nuna ta.

Gidajenmu yanzu ba su kai goma ba. Biyu daga ciki ba a taɓa kai musu kowa ba tukuna, har sun fara tambaya ko an raina su ne.

22 ga Yuni

Shekaranjiya aka yi ranar 'yan gudun hijira ta duniya, mu kuwa a makon ne muka gane tsarinmu bai yi tanadin wani irin yaro ba. Duk lissafinmu a kan ɗan Nijar ne mai ƙauyen da za a mayar da shi. Sai ga wani saurayi ɗan Sudan, daga Darfur, ya biyo ta Cadi da Libiya da Aljeriya, aka zubar da shi a iyaka, ya gangaro kudu yana neman hanyar da shi ma bai sani ba. Ya ce shekararsa 16. Wani jami'i ya dube shi ya ce wannan mai gashin baki ai ya haura 20, kuma ba shi da ko takarda ɗaya, don haka a ajiye shi tukuna.

A nan Lauya ya biya kuɗin karatunsa. Ya yi magana a hankali, yana ta "ranka ya daɗe". Ya ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira ta 1951 a sashe na 31 ta hana hukunta mai neman mafaka don ya shigo ba takarda, sashe na 33 kuma ya hana mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Afirka ta 1969 ta faɗaɗa abin, ta haɗa da wanda yaƙi ko rikici ya kora, kuma babu wanda bai san abin da ke faruwa a Sudan tun 15 ga Afrilun 2023 ba. Kundin Afirka na haƙƙin yara, sashe na 23, ya ce yaro mai neman mafaka, da iyaye ko babu, a ba shi kariya. Nijar tana da dokarta ta 'yan gudun hijira tun 1997, da hukumar da ke tantance su. Game da shekaru kuwa, ƙa'idar ita ce in ana shakka a ɗauke shi yaro har sai an tabbatar, don gashin baki ba takardar haihuwa ba ne. Jami'in ya yi shiru, sannan ya ce to a kai shi gidan Liman, tunda shi ke jin Larabci.

Samun gadon kwana uku abu ne mai sauƙi. Bayan nan fa? Ba shi da mai garin da za mu kira. Hanyar da ke akwai ita ce a yi masa rajista a matsayin mai neman mafaka, kuma da wuya hakan bai ƙare da cibiyar da ke wajen Agadas ba, inda 'yan Sudan da yawa suka shekara da shekaru suna jira, har suna zanga-zangar lumana tun Satumbar bara. Da aka ambaci sunan wurin sai ya sunkuyar da kai, ashe ya ji labari. Wurin ba kurkuku ba ne, amma yaro ya girma a cikin jira, ba makaranta sosai, ba sana'a, shi ma wani abu ne da ya kamata a kira shi da sunansa.

Dole kuma a faɗi alherin ƙasar nan. A Nuwamban 2017 Nijar ta buɗe ƙofa, aka riƙa kwaso mutane daga gidajen tsare baƙi na Libiya ana sauke su Yamai da Hamdallay da ke kusa da ita, cikinsu da yara marasa rakiya. Wanda ya manta me ake ceto su daga gare shi ya tuna Tajura ta Libiya, inda bam ya faɗa kan gidan tsare baƙi daren 2 ga Yulin 2019 ya kashe aƙalla 53, har da yara, suna kulle ba hanyar gudu. Kuma a jihar Maraɗi, tun 2019 da 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ƙauyukan Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu zaure kafin kowace ƙungiya ta iso. Ba wanda ya kulle ɗan kowa. Abin da muke yi ba mu muka ƙirƙiro shi ba.

An yi wa saurayin rajista. Liman ya nemi a bar shi a gidansa kafin a kira shi tantancewa, an ce za a duba.

3 ga Agusta

Mako mai nauyi. Wani yaro mai kimanin shekara goma sha biyu ya sulale daga gidan riƙo da asuba. Aka bazu nema, ɗan kamasho ya same shi da hantsi a tasha yana roƙon wani direba ya ɗauke shi zuwa Agadas. Uwarsa tana can arewa, ba a kamo ta tare da shi ba, shi kuma ya ƙudurta sai ya koma ya nemo ta.

Da yamma muka zauna, sai ga maganar da muka kafa aikin nan don mu yaƙe ta tana fitowa daga bakinmu. Mai gidan ya ce daga yau zai riƙa kulle ɗakin yara da dare. Ɗan kamasho ya goyi bayansa: in wani ya ɓace a hannunmu, takardar da muka sha wuya a kanta an janye ta ke nan. Ko Lauya sai da ya yi jim. Hujjar dai ita ce ta ɗan sandan nan na daren farko, ba ƙari ba ragi: don kada ya ɓace.

Hajiya ta ce atafau. Ta ce ƙofar gida a rufe ta da dare kamar yadda kowa ke rufe tasa, amma ɗakin da yaro ke ciki ba za a sa masa kwaɗo daga waje ba muddin tana cikin aikin nan. Ta ce yaron ba daga gidan ya gudu ba, wurin uwarsa ya nufa, kuma kulle ba zai cire masa uwar daga rai ba, sai dai ya koya masa haura katanga. Abin da aka yi a maimakon haka: aka bi ta hannun mai garinsu, aka samo lambar wata mata da ke tare da uwar, aka haɗa su a waya. Sun daɗe suna magana. Uwar da bakinta ta ce masa ya zauna, ya bi kakarsa in ta zo. Tun ranar bai ƙara nufar tasha ba.

Mai gidan dai ya janye daga aikin, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ban ga laifinsa ba. Mun ƙara sharaɗi a takardarmu: cikin kwana biyun farko a yi duk yadda za a yi yaro ya ji muryar wani nasa, kuma a gaya masa gaskiyar abin da ake shirya masa, ko da ba mai daɗi ba ce.

Hatsi ya ja baya, damina ce, kowa na jiran sabo. Zazzaɓin sauro ya kwantar da yara biyu, sun warke.

28 ga Satumba

Ana shirin komawa lakol. Daga cikin yaran da suka biyo ta hannunmu, waɗanda muka iya bin sawunsu yawancinsu suna ƙauyukansu. Biyu mun ji an sake tafiya da su, wannan karon kudu. Jerin sunayen marasa takardar haihuwa yana hannun Lauya, yana jiran ranar da alƙali zai fita zaman ƙauye ya haɗa su gaba ɗaya. Ba tare da takardar ba, ko an sa yaro aji, jarrabawa za ta tsayar da shi.

Saurayin Sudan yana nan gidan Liman, ya fara koyon gyaran babur, ba a kira shi tantancewa ba har yanzu. Takardar izininmu ta wata shida ce, za ta ƙare ƙarshen Oktoba, kuma jami'in da ya sa mata hannu an yi masa canjin wurin aiki. Gobe Litinin ni da Lauya za mu kai sabuwar wasiƙa, tare da kwafen rajistar duk yaron da aka damƙa mana da sunan wanda ya karɓe shi daga hannunmu. Wasu mutane daga wani gari a hanyar Tanut sun aiko suna son ganin sharuɗɗanmu. Hajiya ta ce kada a aika musu takarda, su zo da ƙafarsu su shiga gidajen su gani, an sa musu ranar Asabar ta sama.